Baƙuwar Waya a Landrobar Baba

Unguwar Azuba,
Lafia, Jihar Nasarawa.

Zuwa ga Hamma Saleh,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Adda Juwairiya da ɗanmu Safiyullahi. Allah ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali, ya sa albarka a aikin da ya kai ka can, ya dawo mana da ku cikin aminci. Mu ma nan Lafia lafiya muke, garin bai ƙaryata sunansa ba. An fara yayyafi, zafi ya ɗan sassauta, mangwaro ya cika gari har yara sun fara zaɓe. Maigidana Hizbullahi yana nan ƙalau. Baffa ɗan'uwan Baba kuma gwiwarsa na damunsa, amma bakinsa lafiya lau, don har yanzu babu wanda ya isa ya gama magana a gabansa. Yakan ce tsakaninka da mu harafi ɗaya ne kawai, kana Doha muna nan gefen Doma, amma harafin nan ya hana ka zuwa Sallah biyu.

Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. Abin da ya hana ni shi ne halinka: kafin in kai tsakiyar labari ka katse ni da tambayar ko kwalin da ka aiko ya iso. Ya iso, kuma a kansa ma zan yi magana, amma sai ka bi ni a hankali. Ka san tun rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, Inna ba ta koma daidai ba. Ta fita takaba, amma ba ta fita daga gida ba. Tana zaune a ƙofar ɗakinta, a gaishe ta ta amsa, a ba ta abinci ta taɓa, shi ke nan. Matar da da can sai ta faɗa mini laifin miyata tun kafin in sauke tukunya, yanzu ko gishiri na manta ba ta tankawa. Abin yana ci mini rai ƙwarai, Hamma. Ga ƙanwarta, Yafendo Daso, tana kwance a ruga bayan Doma, jiki ya ƙi daɗi, kullum saƙonta ɗaya ne, a kawo mata 'yar'uwarta. Idan ruwa ya zauna sosai kuwa hanyar nan sai bayan damina. Mun yi lallashi, Hizbullahi ya aro mota mai sanyi, Inna ta ce ita ba ta shiga motar kowa sai motar gida. Ta faɗi haka ne don ta san motar gida ta yi shekara da shekaru a ƙarƙashin tamfal, kaji na ƙwai a cikinta. Abin da ba ta sani ba shi ne ta haifi masu taurin kai, shi ya sa da na gaya maka ka ce a tayar da Landroba ko ta halin ƙaƙa.

Injin bai ba mu wahalar da muka zata ba. Bakanike ya wanke tanki, ya sauya mai, Hizbullahi ya sayo sabon batir ya ɗaura, ta yi tari ta tashi. Matsalar wuta ce. Fitila ɗaya na ci ɗaya na kashe ido, hon kamar akuya mai mura, ga kwalinka cike da kaya: cajar waya, rediyon da ke ɗaukar karatu daga waya, fararen fitilu irin na zamani, fanka, har da ɗan allon da ke nuna wa direba bayan mota. Ka ce a cire tsofaffin wayoyi duka a zuba sababbi. Sai aka haɗa mu da wani mai gyaran wutar mota, waɗanda ake ce wa rewaya, a hanyar Makurɗi. Sunansa Terhemba, Batibi ne, dattijo mai furfura a gefen kunne da tabarau ɗaure da zare. Da ya ga motar sai da ya zagaya ta yana dariya, ya leƙa ya ga sitiyari a hannun dama, ya tambaya ko daga gidan tarihi muka sato ta. Ni ce mai sa ido a kan aikin tunda Hizbullahi yana wurin aiki, kuma ka san ni da tambaya. Kafin azahar ta ranar farko mutumin nan ya ba ni benci ya ce in zauna kusa, wai ya gaji da ɗaga murya.

Ya ce bari ya fara da ƙaramin abu, wato cajar waya. Ya haɗa ta yadda yake haɗawa a kowace mota, jar waya ga wuta, baƙar waya ga ƙarfen jikin mota. Yana taɓawa sai muka ji ɗas, wani siririn hayaƙi ya tashi da warin ƙonanniyar roba. Cajarka ɗaya ta tafi ke nan, Allah ya sa biyu ka aiko. Ni na zata zai fara kame-kame, sai na ga ya cire tabarau ya goge, idonsa na ƙyalli kamar wanda ya yi tsintuwa. Ya buɗe bonet ya bi wayoyin batir da yatsa, ya kira ni in gani. A nan na koyi abin da ban taɓa sani ba duk da na girma a bayan motar nan. Ashe wutar mota tana fita daga batir ta cikin waya, ta yi aikinta, sannan ta koma gida ta cikin ƙarfen jikin motar. Motocin yanzu duka, kan batir mai alamar ɗebewa ake ɗaurewa a jikin mota. Tamu kuwa mai alamar tarawa aka ɗaure, kuma ba kuskuren kowa ba ne, haka ake ƙera irinta a zamaninta. Kawunan batir ba girmansu ɗaya ba, shi ya sa Hizbullahi ya mayar da wayoyin yadda Baba ya bar su ba tare da ya lura ba. Terhemba, da irin Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, ya ce wai wannan mota shi tsoho ne, jininsa baya yake gudu. Ya ce ya taɓa jin labarin irinta, amma bai taɓa sa hannu a kai ba.

Nan take ya kira tsohon ogansa a Makurɗi, wani Baba Aloysius, ina jin dariyar tsohon ta cikin waya. Shi ya karanto masa yadda ake juya jinin. Na ce to me zai hana a bar ta yadda take? Terhemba ya ce kayan zamani ba su da haƙuri, ta ƙofa ɗaya kawai suke karɓar wuta, in ta zo ta ɗayar ko su ƙi aiki ko su ƙone. Don haka aka juya batir, aka musanya wayoyin koyil, aka cire tsohon dainamo mai cajin batir aka sa na zamani, wato altaneto, saboda sababbin kayan suna da ci. Ya sa akwatin fiyus, kowane abu da nasa, yadda in fanka ta yi rigima ba za ta ja wa fitila ba. Ya kuma sa wasu 'yan akwatuna kamar na ashana da ake kira rile. Na tambaye shi amfaninsu, ya ce tsohon makunni ba zai iya ɗaukar wutar manyan fitilu ba, sai dai ya aiki rile, rile ya ɗauko. Na ce ashe ko a cikin mota tsofaffi aike suke yi. Abu ɗaya ya manta, agogon da ke nuna cajin batir, sai allurar ta riƙa rantsuwa batir na mutuwa alhali cika yake yi. Muka sha dariya, ya musanya wayoyinta ta dawo hayyacinta. Wallahi Hamma na ji daɗin kwanakin nan, har na fara gane waya da launinta. Tsofaffin kuwa gaskiyarka ne, naɗe suke da zare, kana taɓawa suna marmashewa, ɓeraye kuma sun ci rabonsu.

Ana cikin zare tsofaffin ne Terhemba ya kira ni ya nuna mini wata waya da ya ce ba 'yar gidan ba ce. Ba irin ta mota ba ce sam, irin murɗaɗɗiyar wayar nan ce ta fitilar ɗaki. Ta faro ne daga wani ɗan ƙwan fitila da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, wanda aka ɓoye can ƙasa da dashbod, tsakanin sitiyari da ƙofa, daidai inda gwiwar direba ta dama take. In ba kai ke tuƙi ba, ba za ka taɓa ganinsa ba. Muka bi ta, ta shige ƙarƙashin kujera, ta bi gefen mota har baya, ta ƙare a ƙarƙashin bencin hagu. A can muka shafo wani ɗan maɓalli irin na ƙararrawar ƙofa, ya yi tsatsa. Abin da ya tsayar da ni shi ne ɗaurin. Ba a kama wayar da ƙarfe ko salatif ba, da yankakkiyar robar tayar keke aka bi ta ana ɗaurewa, kuma kowane ƙulli irin na dangwali ne, wanda ake ɗaure maruƙa da shi. Terhemba ya ce babu rewayan da zai yi wannan ɗauri. Na ce masa na san hannun, na Baba ne.

Daga nan barci ya ƙaurace wa idona. Baban da ko batirin tocila sai ya kira ɗayanmu ya sa masa, me ya kai shi jan waya? Terhemba ya ce wataƙila motar ta taɓa yin haya, kwandasta ke dannawa. Na ce kwandasta ai bugun jikin mota yake yi, kuma me zai sa a ɓoye? Ya ce ko maganin ɓarayi ne, muka bincika, wayar ba ta taɓa inji ko kaɗan. Hizbullahi ya ce ƙila alamar an bar ƙofar baya a buɗe ce, na ce to maɓallin na mene ne? Na je wurin Baffa, tunda shi ya fi kowa zama a gaban motar nan, shi da Kaka mahaifin Baba. Ya ce shi bai taɓa ganin wani ƙwai ba, kuma da akwai da ya gani. Sai ya ɓalle da labarin da ka sani, wai motar ba ta da aibi sai ɗaya, zafi. Ba a tafiya Doma a dawo ba ta yi zafi ba, Baba ya tsaya ya buɗe bonet ya ɗauko jarka. Ya ce in gaya wa masu gyara su duba lagireto da kyau. Na kai saƙo, aka duba, aka bar ta tana aiki a tsakiyar rana har muka gaji da tsayuwa. Ko gumi ba ta yi ba. Bakanike ya ce lagireton nan ya fi na motarsa lafiya. Terhemba dai ya ce gobe zai kwashe sauran tsofaffin wayoyi, kuma daidai wurin ƙwan nan ne ya fi dacewa da sabuwar cajarka.

Da yamma ina yanka kuɓewa a tsakar gida ina ba Inna labari, kamar yadda na saba ba ta kullum ba tare da ta tanka ba. Na gaya mata jinin mota da ke gudu baya, ba ta ɗaga kai ba. Da na zo kan wayar da ƙullin dangwali, na ce gobe za a yanke ta, sai na ɗaga kai. Na duba, ta ajiye carbinta a cinya tana kallona. Ta tambaye ni ko maɓallin yana nan. Hamma, ban ambaci maɓalli ba tukuna. Na ce yana nan. Ta ce kada a taɓa. Na ce ta mene ne, ta ce in kira mutumin in ce kada ya taɓa. Na kira, wayarsa a kashe, na sake kira, haka. Na ce mata da safe zan je da wuri. Ta ce da safe za mu je. Na ajiye wuƙa na dube ta. Na yi ta zagaya ta da tambaya ta nan da ta can, ta ce kuɓewata ta yi kauri, in rage girman yankan. Rabon da ta soki girkina tun Baba na da rai, ban san lokacin da na ji hawaye ba, na ce albasa ce, alhali babu albasa a wurin.

Da safe ta riga ni shiryawa. Muka hau Keke Napep, tana riƙe da mayafinta tana kallon yadda Azuba ta cika da gine-gine. Muna isa sai ga tulin tsofaffin wayoyi a ƙasa kamar yaɗon kabewa, Terhemba ya yi sammako ya kwashe. Na tambaye shi baƙuwar wayar. Ya ce tana nan. Wai ya ɗora filaya a kanta har sau biyu ya fasa, domin shi ba ya son yanke abin da bai gane ba, in ya yanke ba zai taɓa sanin amsar ba. Ya ga Inna ya rusuna ya ce sannu Mama, ya kawo mata benci, ba ta zauna ba. Ta zagaya bayan mota, na kama mata hannu ta hau, ta zauna a bencin hagu, can ciki kusa da bayan kujerun gaba. Ba ta duba ba, ba ta laluba ba, hannunta ya sauka ƙarƙashin bencin kai tsaye. Na ga kafaɗarta ta motsa alamar ta danna. Ƙwan bai kama ba, tunda babu wuta a layin. Ta ɗan jima a haka, sannan ta ce da ni in gaya wa mai gyara, mai motar ya bar wannan tana aiki, a mayar da ita yadda ya bar ta. Ka san har yau ba ta kama sunan Baba, mai motar take cewa.

Labarin bai fito ba sai da muka koma gida, shi ma a gutsure, tana yi tana kallon bango. Ta ce lokacin tana amarya, mai motar bai daɗe da sayen Landroba a gwanjo ba, yana kai gishiri da kanwa da maganin shanu ruga. Kaka da Baffa a gaba, ita a baya tare da buhuna. Tana da cikin fari, ba ta faɗi na wa ba, amma ai mun san wanda ya zo fari. Wata rana a hanyar Doma zuciyarta ta tashi, ga warin fetur, ga gargada. To da wane baki za ta yi magana? Ba ta kiran sunan miji, ba ta yi masa magana a gaban mahaifinsa, balle a ce saboda ciki, cikin ma na fari. Ta danne har ta kasa, ta yi abin da za ta yi a cikin mayafinta, ta ƙudundune shi, ta isa Lafia jiri na ɗibarta. Shi ya buɗe mata ƙofar baya, ya gani. Bayan 'yan kwanaki ta ga yana ta kwanciya a ƙarƙashin mota shi kaɗai, yana korar duk wanda ya matso. Ran nan babu kowa a gida ya yafito ta, ya zaunar da ita a bencin, ya kama yatsanta ya ɗora a kan maɓallin, ya buɗe ƙofar direba ya nuna mata ƙwan yana ci. Ta ce ko kalma ɗaya bai furta ba, ita ma haka. Sai dai shi ma yana da tasa kunyar, wane ɗa ne zai nuna wa mahaifinsa cewa hankalinsa na bayan mota? Don haka duk lokacin da ƙwan ya kama, sai ya ɓata fuska ya ce mota ta yi zafi. Ya sauka ya buɗe bonet, ya kare gaban gilashi da shi, ya riƙa tsiyaya ruwa a ƙasa, ita kuma ta sauka ta baya ta sha iska.

Hamma, wayar nan sa'arka ce, saboda kai aka ja ta. Ni kuwa tun ranar nake ta tuno tafiye-tafiyenmu ina dariya ni kaɗai. Ka tuna yadda motar ke yin zafi daidai gindin mangwaron nan da matan Tibi ke sayar da lemo da gasasshiyar masara? Ka tuna ranar da na matsu ina kuka a kunnen Inna, ba a yi nisa ba mota ta yi zafi? Mu muna jin haushin motar, Baffa yana ba da shawarar a sayar da ita, Kaka yana cewa Bature bai san ranar ƙasarmu ba. Na tambayi Inna ko Kaka bai taɓa ganewa ba. Ta ce ba ta sani ba, amma akwai ranar da ya ce da ɗansa motar nan tana da hankali, ta san inda inuwa take. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, na girma ina ganin kamar iyayenmu ba sa hira. Ban taɓa ganin sun zauna tabarma ɗaya ba. Ashe muna zaune a kan hirar tasu, ƙafafunmu na reto.

Yanzu ga inda na saɓa maka, kuma ina neman afuwa. Ka ce a cire tsohuwar waya duka, an cire, ban da wannan. Terhemba ya goge maɓallin da sanfefa, ya zura wayar cikin sabuwar riga ta roba ba tare da ya kwance ƙulli ko ɗaya ba, ya ba ta fiyus nata ita kaɗai. Ya so ya sa mata ɗaya daga ƙananan ƙwayayenka na zamani, na ce a fara gwada na Baba. Na damu ko juya batirin da aka yi zai hana shi ci, sai ya ce irin wannan tsohon ƙwai bai damu da ta inda wuta ta zo masa ba. Ya danna, ya kama, ja-ja kamar garwashi. Mutumin nan ya yi tsalle kamar ba dattijo ba. Ban gaya masa duka labarin ba, na ce dai Mama ce ke kiran direba da shi. Ya ce a aikinsa ya sa wa motoci hon iri-iri, bai taɓa ganin hon da mutum ɗaya kaɗai ke ji ba. Cajarka ta koma ɓangaren fasinja, rediyo na aiki, fanka na aiki, fitilu kuwa in ka kunna sai ka tausaya wa mai zuwa. Allon duba baya ne kawai Inna ta sa aka karkatar da idonsa ƙasa, ta ce ba ta son a riƙa kallon wanda ke baya.

Ranar Asabar muka tafi. Hizbullahi ke tuƙi, na gaya masa komai tun a gida. Na yi na yi Inna ta zauna a gaba inda fanka take, ta ƙi, ta ce ita da surukinta kafaɗa da kafaɗa, a ina aka taɓa yi? Ta koma bencinta, ni na zauna a gaba. Muka ratsa gari mutane na nuna mu, 'yan acaɓa na ɗaga mana hannu. Muka wuce Doma, kwalta ta ƙare, muka shiga jar hanya tsakanin kunyoyin doya. Ina cikin ba Hizbullahi labarin rile sai na ji ya ɗaga ƙafa. Ya gangara gefe, ya yi gyaran murya, ya ce da ƙarfi yadda za a ji a baya, wai yana jin kamar motar nan ta ɗauki zafi. Ya sauka ya buɗe bonet ya tsaya a bayansa, bawan Allah, ko jarka ba mu ɗauko ba. Na zagaya da sauri na buɗe ƙofar baya, na ce Inna lafiya, ko jiri ne, ko za ta sauka? Tana zaune, hannunta na ƙarƙashin benci, fuskarta jiƙe. Ta ce ba komai. Ta ce so take kawai ta ga ko har yanzu ana tsayawa. Na hau na zauna kusa da ita, muka yi kukanmu muka gama. Can ta share fuska ta leƙa waje, ta ce tunda an riga an tsaya, ga wata can da tiren mangwaro, in zaɓo masu ƙarfi, kada in bari a cuce ni yadda na saba.

Yafendo Daso ta ji ƙarar injin tun daga nesa, ta ce a tayar da ita zaune. Abin da suka yi da suka ga juna ba zan iya rubuta shi ba. Jikinta da sauƙi, har ta sha fura a hannun Inna. Mun bar Inna a can za ta yi kwanaki, da sharaɗin mu koma ɗaukarta kafin rafi ya cika. Jiya ta sa an kira ni wai in taho mata da man zafi, in kuma tabbatar ba a bar motar a rana ba. Baffa kuwa da ya ji mun tsaya a hanya, ya ce ai ya faɗa, lagireton nan ba zai taɓa gyaruwa ba. Na ce gaskiyarsa ne.

Ka gaishe mini da Adda Juwairiya sosai, ka ce mata turaren ya iso kuma na gode. Ka shafa mini kan Safiyullahi, ka gaya masa motar kakansa ta tashi, tana jiransa. Hizbullahi da Baffa da Yafendo Daso duk suna gaisuwa, Terhemba ma ya ce a gaida mai kwali. Da za mu rabu a ruga na tambayi Inna ko tana da saƙo zuwa gare ka. Ka san ba ta kama sunanka, kuma ko a waya in kun gaisa miƙo mini take yi. Ta gyara bakin mayafi, sannan ta ce in gaya wa na Doha, in Allah ya kawo shi, shi zai tuƙa ta zuwa ruga. Ta ce kuma ya riƙa duba gefen gwiwarsa ta dama.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ƙanwarka,
Mardiya